Malam, Ka Janye Wannan Magana

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce Kirista da Bayahude abu guda ne, don haka Kiristocin Birnin Kebbi na da hannu a jinin Gaza. Maganar nan ba ta da tushe, kuma wuta ce.

Dangantaka kam akwai ta. Ɗauki Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, za ka tarar da Attaura da Zabura a ciki, waɗanda Yahudawa ke karantawa har gobe. Annabi Isa ma cikin Bani Isra'ila aka haife shi. Amma a kansa aka raba gari: Kirista ya ce shi ne Almasihu, Bayahude ya ce Almasihu bai zo ba tukuna. Mu Musulmi ma Almasihu muke kiransa.

A Oktoban 2023 harin Isra'ila ya kashe Falasɗinawa Kiristoci da suka fake a cocin Saint Porphyrius da ke Gaza. Su fa? Kuma ba kowane Bayahude ne ya goyi bayan yaƙin ba.

Baiwar Allah Kirista 'yar Zuru da ke auna maka dawa a kasuwa ba ta kashe kowa ba. Ka ji tsoron Allah, Malam, ka janye.