Daga Chatham House Zuwa Dajin Kuyambana

Wani ɗalibina ɗan asalin Birnin Gwari ya tare ni bayan darasi ranar da muka tattauna tasirin ƙasashen waje a zaɓen shugaban ƙasa. Ya ce: "Malam, kun yi ta maganar Amurka da Ingila, amma a garinmu waɗanda suka hana kamfe a 2022 ba jakadu ba ne." Ban ba shi gamsasshiyar amsa ba a lokacin. Wannan rubutu yunƙuri ne na biyan bashin.

Abin da muka saba kira katsalandan sananne ne. A watan Janairun 2015 Sakataren Harkokin Wajen Amurka, John Kerry, ya sauka Legas ya gana da Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari, ya kuma ja kunne a kan ɗage zaɓe. A cikin watan nan ne Sambo Dasuki ya fara furta shawarar ɗagewar, kuma a Chatham House da ke Landan ya furta ta, ba a Abuja ba. Aka ɗage daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Jonathan ya faɗi, daga baya ya zargi gwamnatin Obama da karkata ga abokin hamayyarsa. A 2019 Atiku Abubakar ya je Washington don nuna cewa ƙofar Amurka a buɗe take gare shi, gwamnonin Maraɗi da Damagaram suka halarci gangamin Buhari a Kano, Nasiru El-Rufa'i kuma ya yi gargaɗin nan nasa cewa baƙin da suka tsoma baki za su koma gida a gawa. Kafin zaɓen 2023 Tinubu da Peter Obi da Kwankwaso duk sun bi layi zuwa Chatham House. Wanda ke kan mulki yakan kira wannan katsalandan, ɗan adawa ya kira shi sa ido; in kujera ta juya, sai su yi musayar kalmomin.

A ganina an cika kambama wannan hannu na fili. Jakada ba ya dangwala ƙuri'a, kuma barazanar hana biza ba ta taɓa hana mai maguɗi barci ba. Jonathan bai faɗi don Obama ya yi jawabi ta bidiyo ba. Ya faɗi ne don Chibok da Baga da Mubi. Sai dai akwai wani hannun na waje da ba a gayyatarsa zauren taro, kuma a Birnin Gwari aka fi ganin yatsunsa.

Ƙungiyar Ansaru ta ɓalle daga Boko Haram a farkon 2012, da alaƙa da reshen Al-Ƙa'ida na yankin Sahara. Abin lura, farkon ta'asarta a kan baƙi 'yan ƙasashen waje ta yi shi: injiniyan Faransa da aka sace a Rimi ta Jihar Katsina a Disamban 2012, da ma'aikatan gine-gine bakwai da aka ɗauke a Jama'are a Fabrairun 2013. Tun kafin waɗannan Birtaniya ta riga ta haramta ta, Amurka ta sa ta a jerin 'yan ta'adda a Nuwamban 2013. Da aka kama Khalid al-Barnawi a Lokoja a 2016, manyan ƙasashe suka kau da kai. Ita kuwa ƙungiyar ta lallaɓa ta yi gida a dazukan da suka haɗa Birnin Gwari da Neja da Zamfara da Katsina, ta tarar da mutanen da 'yan bindiga suka ishe su, ta yi musu tayin kariya. A tsakiyar 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari ta sanar da duniya cewa Ansaru ta haramta harkokin siyasa a wasu garuruwan gabashin ƙaramar hukumar, gwamnan jihar na lokacin kuma ya rubuta wa Shugaba Buhari cewa ana kafa gwamnati cikin gwamnati a yankin. Aƙidar da aka reno a Aljeriya da Mali ce ta yanke wa manomin Kazage hukuncin ko zai saurari ɗan takara ko ba zai saurara ba. Ban san wani jakada da ya taɓa samun irin wannan iko a kan zaɓenmu ba.

Bindigar ma baƙuwa ce. Tun da NATO ta taimaka aka kifar da Gaddafi a 2011, rumbunan makaman Libya suka watsu cikin Sahel, wani kaso ya gangaro ta Nijar. Zinaren da ake haƙa a ramukan Birnin Gwari kuwa ba a kasuwar Kaduna yake ƙarewa ba. Mafi yawan zinaren yankin nan Dubai yake nufa, ba tare da ya bi ta littafin kwastam ba. Makami ya shigo daga arewa, zinare ya fita gabas, mai ƙuri'a ya yi gudun hijira zuwa Zariya ko Funtuwa, katinsa na zaɓe yana ɗauke da sunan rumfar da ta zama kufai.

Hatta maganin da gwamnati ta nema sai da ya bi ta Washington. A 2014 Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin Cobra, bisa zargin take haƙƙin ɗan Adam. Jiragen Super Tucano 12 da aka saya daga baya sun iso a 2021 da sharuɗɗan inda za a yi amfani da su, kuma sai da kotun tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021 aka fara maganar juyo da su dazukanmu. Ɗan takarar da ya hau mumbari ya yi rantsuwar share daji cikin wata shida, ya kamata a tambaye shi da jirgin wa, kuma da izinin wa.

Yanzu da 2027 ke ƙaratowa, hannayen biyu sun haɗu. A ƙarshen Oktoban 2025 Donald Trump ya mayar da Najeriya jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini, ya yi barazanar ɗaukar matakin soja, kuma a daren Kirsimeti Amurka ta harba makamai a Jihar Sakkwato, da amincewar Abuja kamar yadda gwamnati ta ce. Labarin da ake bayarwa a can shi ne na kisan Kiristoci. An kashe Kiristoci, babu mai musu, Kudancin Kaduna shaida ne. Amma makabartun Birnin Gwari cike suke da Musulmi, kuma ba su shiga wannan lissafi ba. Abin da nake tsoro shi ne 'yan takara su tsara manufofin tsaronsu don kunnen majalisar Amurka, wannan yana neman wanke kansa, wancan yana neman a shafa masa mai, a bar tambayoyin da suka dame mu: iyakar da dangantaka ta yi tsami a kanta tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da wanda ke sayen zinaren, da wanda ke ba da lasisin haƙarsa.

Gaskiya ne an samu sauƙi. Tun sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a Nuwamban 2024 aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, motoci suka dawo bin hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa, kuma a Agustan 2025 Nuhu Ribadu ya sanar da kama manyan jagororin Ansaru biyu. Masu mulki za su ɗaga wannan a matsayin tutar kamfe, suna da haƙƙin yin haka. Sai dai har yau ba a bayyana wa jama'a sharuɗɗan sulhun dalla-dalla ba, ba a kuma nuna mana tarin makaman da aka karɓa ba.

Na tambayi ɗalibin nawa ko zai koma gida ya yi zaɓe a wannan karon. Ya ce mahaifinsa ya koma gona bara, ya girbe masara a karon farko cikin shekara shida, amma har yanzu bai yarda ya kwana a ƙauyen ba. Ya ce in akwatin zaɓe ya kwana a can, shi ma zai je.