Araha Ba Ta Ado: Tsokaci Kan Fita Waje Neman Magani

Duk wanda ya san Titin Ibrahim Taiwo a Kano ya san shi da hada-hadar 'yan Kantin Kwari da kuma ofisoshin masu sayar da tikitin jirgin sama. A da, masu shiga waɗannan ofisoshi ba su wuce maniyyata Umara da fatake masu zuwa saro kaya Dubai ko ƙasar Sin ba. Yanzu kuwa an sami kashi na uku, wato mutanen da za ka gani rungume da babban ambulan mai ɗauke da hoton ƙirji da takardun gwaji, suna tambayar kuɗin jirgin Alƙahira ko na Indiya. In sun fito sai su zarce Wapa wurin 'yan canji. Ka tambaye su dalili, sai su ce maka wai aikin ya fi araha a can. To, wannan kalma ta araha ita nake so mu ɗora a kan sikeli, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da samarin ma'aikata.

Da farko dai, adalci ne mu yarda cewa maganar tana da ƙamshin gaskiya. In aka gwada da asibitocin Ingila ko Jamus ko Amurka, babu shakka na Indiya da na Masar sun fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari, abin da majinyaci yake saye a can har da kwanciyar rai: an sa masa ranar tiyata, ranar kuwa ba ta tashi, na'ura tana aiki, wuta ba ta ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Mutumin da ya ga yadda likitoci masu neman ƙwarewa suka shafe wata biyu suna yajin aiki a 2021, ga mahaifiyarsa kwance da ciwon daji, wa zai ga laifinsa don ya nemi biza? Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Saboda haka ba da majinyaci nake ba.

Amma fa kuɗin da asibitin waje yake rubutowa a takarda guntun lissafi ne. Majinyaci ba ya tafiya shi kaɗai, sai da ɗan jinya. In dashen ƙoda ne, sai da mai ba da ƙodar, ga tikiti uku ke nan. Sai kuɗin fasfo da biza, da hayar masauki na makonni ko watanni, da abinci, da tafinta. Sai kuma la'adar dillalin da ya haɗa ka da asibitin, wadda sau da yawa a cikin kuɗin aikin take ɓoye, kai kuwa kana ta yi masa godiya. In ciwo ya rikice aka ƙara kwanaki, lissafi ya rushe. In kuma rai ya yi halinsa a can, sai iyali su zaɓa tsakanin binne ɗan'uwansu a baƙuwar ƙasa da biyan kuɗin ɗauko gawa.

Daɗin daɗawa, duk wannan da dala ake biyansa, mu kuwa naira muke samu. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji. Bayan da gwamnati ta saki naira a watan Yuni na shekarar, sai ga dala ta haura naira 1,500 a 2024. Alal misali, aikin da aka yi wa kuɗi dala 10,000 ya tashi daga naira miliyan bakwai da rabi ya koma miliyan 15, alhali asibitin bai ƙara ko sisi ba. Ma'aikaci mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka ƙayyade a 2024, sai ya tara albashinsa na kusan shekara 18 bai ci bai sha ba kafin ya haɗa wannan kuɗi. Ashe arahar ta mai hannu da shuni ce. Talaka kuwa gona yake sayarwa, ko gidan gado, ko a zaga da ƙoƙon bara a masallatai da gidajen rediyo.

Wani abin lura shi ne, asibitin da yake bayan iyaka, ƙofarsa a hannun wasu take. A 2020 annobar korona ta tsayar da jirage, masu alkawari da likitocin waje suka rasa yadda za su yi. Hartum, wadda mutanenmu suka saba zuwa karatu da jinya, yaƙi ya ɓarke a cikinta ranar 15 ga Afrilu, 2023. Mutanen kan iyaka da suke tsallakawa Maraɗi, ko asibitin Galmi da yake aiki tun 1950, sun wayi gari an rufe hanya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ba a buɗe ta ɓangaren Nijeriya ba sai a Maris na 2024. Ciwo kuwa ba ya jiran a buɗe iyaka. Ko wanda ya je ya dawo lafiya bai rabu da asibitin gida ba, domin mai dashen ƙoda zai sha magani muddin ransa, kuma likitan Kano ne zai riƙa duba shi.

Abin takaicin ma shi ne, Kano ba baƙuwar wannan fage ba ce. Asibitin Ido na ECWA, wanda aka kafa a 1943, ya daɗe yana karɓar majinyata daga ƙasashe maƙwabta. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002. Hannun da zai yi aikin muna da shi. Abin da muka rasa shi ne hukumar da za ta riƙe shi, har ya zama likitocin da muka horar da kuɗin talakawa suna can suna aiki a Saudiyya da Ingila.

Me ya sa hukuma ba ta damu ba? Saboda masu riƙe da ita ba a nan suke kwanciya ba. Sojojin da suka karɓi mulki a ƙarshen 1983 sun kafa hujja da cewa asibitoci sun zama wurin ganin likita kawai, babu magani. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Shugaba 'Yar'aduwa a Jidda ya yi jinya a 2009. Shugaba Buhari ya shafe fiye da kwana ɗari a jere a Landan a 2017, a can kuma Allah ya karɓi ransa a Yulin 2025. Wanda ba ya kwana a ɗaki, ina zai san inda yake yoyo?

To, mene ne namu a ciki? Na farko, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 46, ta hana a kai jami'in gwamnati jinya waje da kuɗin jama'a, sai in kwamitin likitoci ya ba da shawara, minista kuma ya amince. Ku da fayil yake bi ta teburinku, ku nemi wannan takarda kafin ku sa hannu. Na biyu, dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Mu shiga, mu shigar da iyayenmu, sa'an nan mu tsaya mu ga inda kuɗin yake tafiya. Na uku, in ciwo ya sami wani namu, a fara jin ta bakin ƙwararren likita na gida kafin a ji ta dillali, a kuma sa asibitin waje ya rubuto kuɗin komai dalla-dalla kafin a sayar da gona.

Gobe a cikinmu za a sami manyan sakatarori da kwamishinoni. Ranar da muka hau waɗannan kujeru, ma'aunin da za a auna mu da shi ɗaya ne: in ciwo ya kama mu, za mu yarda a kwantar da mu a Asibitin Murtala, kusa da talakan da ya biya kuɗin karatunmu? Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ba mu ikon gyarawa.