Mu Riƙa Kai Yara Hawan Dutse

Muna yara a Kano, da wuya sallah ta wuce ba mu hau Dala ba. Yau ga mu kewaye da duwatsun Abuja, amma 'ya'yanmu sai ta tagar mota suke hango su a hanyar filin jirgi. Wai hawan dutse na 'yan boko ne. Haba jama'a!

Ranar Asabar na kai nawa dutsen Katampe, da gorar ruwa da ƙosai. Autar ma ta kai sama, tana haki tana dariya. A tafi a ƙungiya, da sassafe, ban da damina saboda santsi. Tafkin Mpape kam ban yarda a kai yaro ba. Tsohon ramin fasa dutse ne, ruwan da zurfi.