Masu nutso: Darasin da Najeriya za ta ɗauka daga masu kamun lobsta na Honduras

Duk lokacin da damina ta kankama, kogin Kubanni da na Galma suka cika suka batse, mutanen Zariya sun san irin labarin da ke biyo baya. Ko yaro ya tafi wanka bai dawo ba, ko ruwa ya ja mai tsallaka rafi.

Daga Tudun Jukun zuwa Tudun Wada, har cikin birni inda kududdufai ke tumbatsa, matakin farko ɗaya ne: a kira 'yan kwana-kwana, sannan a aika a nemo wanda ya iya nutso.

Wannan mutum galibi masunci ne ko mai ɗibar yashi. Ba shi da albashi a kan wannan aiki, ba shi da inshora. Zai tuɓe riga ya ja numfashi ya faɗa ruwa, idan ya fito da gawa a yi masa godiya a ba shi na goro.

Su ake nema idan jirgi ya kife

Haka abin yake a manyan haɗurran da suka girgiza Arewa. A ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse a kan hanyarsa ta zuwa Warrah a Jihar Kebbi. A ranar 30 ga Nuwamban wannan shekara wani ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya.

A watan Yunin 2023 sama da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga biki. A watan Agustan 2025 jirgin 'yan kasuwa ya kife a Goronyo ta Jihar Sokoto.

A irin waɗannan wurare, kafin jami'an hukumar NEMA ko NIWA su iso daga birni, masu nutso na gari sun daɗe a cikin ruwa. Ko bayan isowar jami'an ma, da su ake ci gaba da laluben gawarwaki.

Shi ya sa bayan kowane haɗari ake jin kiraye-kirayen a sama musu kayan nutso na zamani, musamman tukunyar iska. Kiran yana da kyau. Sai dai akwai wata al'umma da aka miƙa wa tukwanen iska ba tare da horo ba, kuma abin da ya same ta ya isa ishara.

Gaɓar tekun da mota ba ta zuwa

A gabashin ƙasar Honduras da ke Amurka ta Tsakiya akwai yankin Moskitiya, a bakin tekun Karebiyan. Daji da fadama sun raba shi da sauran ƙasar, sai ta jirgin sama ko na ruwa ake shiga. Nan ne mazaunin ƙabilar Miskito.

Babbar sana'ar mazansu ita ce kamun lobsta, wani ƙaton jatan lande na teku da ke ɓuya a kogunan duwatsu a ƙarƙashin ruwa. Namansa na da tsada, kuma yawancinsa Amurka ake kai wa.

A da, da numfashinsu kawai suke nutso a ruwa mara zurfi. Da kasuwa ta buɗe, masu manyan jirage suka shigo da tukwanen iska. Da lobsta ya yi ƙaranci a kusa, sai aka riƙa nausawa cikin teku, ana nutso har mita 30 zuwa 40.

Ana biyan mai nutso ne gwargwadon nauyin abin da ya kamo. Da yawa kuma dillali ya riga ya ba su kuɗin kafin alƙalami tun suna gida, don haka da bashi suke shiga jirgi. Mutum zai nutsa ya fito, ya canza tukunya ya koma, sau da dama a wuni guda, har kusan mako biyu a jere.

Ƙiyasin hukumar lafiya ta ƙasashen nahiyar Amurka, PAHO, ya nuna cewa a cikin masu nutso kimanin 9,000 na yankin, kusan 4,200 sun samu nakasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da zurfi ke yi wa jiki

Dalilin nakasar ba iskokin ruwa ba ne, lissafi ne. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kan jikinsa na ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke rayuwa a cikinta. A mita 30 ya zama ninki huɗu.

Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce. A ƙarƙashin matsi takan narke ta shiga jini da tsoka. Idan mai nutso ya taso da sauri, sai ta koma kumfa a cikin jiki, kamar yadda lemon kwalba ke yi idan an fasa murfinsa.

Kumfar kan toshe jijiyoyin jini, ta taɓa laka ko ƙwaƙwalwa. Daga ciwon gaɓoɓi sai shanyewar ƙafafu, wani lokaci mutuwa.

Ƙa'idar masana ita ce a mita 30 kada a wuce kimanin minti 20, a taso a hankali, a huta sosai kafin a koma. Maganin cutar kuma shi ne a gaggauta sa mutum a wani ɗaki na ƙarfe da ake ƙara wa matsin iska, ana ba shi iskar oksijin. Akwai irin ɗakin a garin Puerto Lempira, amma jirgin da ke tsakiyar kamu ba ya saurin juyowa saboda mutum ɗaya.

Tun 2009 ƙasashen yankin suka amince su hana kamun lobsta ta hanyar nutso, amma aka yi ta ɗage ranar, domin babu wata sana'ar da aka tanadar wa mutanen.

Sai a ranar 31 ga Agustan 2021 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasashen Nahiyar Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da ta shafi 'yan Miskito 42. Honduras ta amsa laifinta, ta ɗauki alkawarin diyya da magani. Kotun ta ce wajibi ne gwamnati ta sa ido kan sana'a mai haɗari ko da 'yan kasuwa ne ke gudanar da ita.

Namu haɗarin daban ne, amma tushen ɗaya

Masu nutsonmu da numfashinsu suke shiga ruwa, don haka waccan cuta ba ta cika kama su ba. Gwaninta ce ta gado. Sarkawan Kebbi sun shahara da ita, kuma a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, har gasar daɗewa a ƙarƙashin ruwa ake yi.

Amma suna da nasu haɗarin. Mai riƙe numfashi kan suma a cikin ruwa ba tare da wata alama ba. Dodon kunne kan fashe. Ga tsargiya a ruwan da ba ya gudu sosai, ga cuɗanya da gawar da ta kwana biyu ba safar hannu.

A tafkunan da aka samar da madatsar ruwa, irin Kainji da aka kammala a 1968, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye na nan a ƙasa. Su ke fasa jirage, su ke riƙe koma, sai an nutsa an kwance ta. A tafkin Volta na Ghana an daɗe ana kokawa kan yadda ake tura yara wannan aiki, wasu komar ta naɗe su.

Matsin kasuwa ma na nan. Alƙaluman gwamnati sun ce Najeriya na buƙatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa bai kai rabi ba. Gine-gine kuma na ƙara buƙatar yashi. Duk inda abin da ke ƙarƙashin ruwa ya yi tsada, za a samu mai kuɗin da zai kawo injin hura iska da tiyo, da talakan da zai yarda ya nutsa. Tafkin Kainji kuwa a kusa da dam zurfinsa ya haura mita 50.

Doka na nan, ba ta kai gare su ba

Tun 2018 Najeriya ke da ƙa'idojin aikin nutso a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago, sai dai masu cin gajiyarsu su ne ƙwararrun da ke aiki da kamfanoni, musamman na mai. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke kula da ita, tana aiki ne inda akwai mai ɗaukar aiki da ke zuba kuɗi. Mai nutson da mai unguwa ya aika a kira, wa ya ɗauke shi aiki?

Ma'aikatar harkokin teku da aka kafa a 2023 da hukumar NIWA sun fi mai da hankali kan rigar kariya da hana tafiyar dare. Wannan na rage masu nutsewa, amma bai ce komai ba kan wanda ke shiga ruwa ya nemo su.

Gyaran bai fi ƙarfin jihohi ba. Hukumar ba da agajin gaggawa ta kowace jiha na iya haɗa kai da sarakunan ruwa ta yi rajistar masu nutso a kowace ƙaramar hukuma, da lambobin wayarsu. A yanka musu alawus na kowane aiki, a sa su cikin inshorar lafiya ta jiha, a ajiye diyya ga iyalin wanda ya rasu a bakin aiki.

A fara da horo mai sauƙi: kada mutum ya nutsa shi kaɗai, a ɗaura masa igiya, ya riƙe wuƙar yanke koma, a koya masa farfaɗo da wanda ya sha ruwa. Kwalejin kiwon kifi ta tarayya da ke New Bussa da rundunar sojin ruwa na iya ba da gudummawa.

Tukunyar iska kuwa ta zo daga ƙarshe, ga waɗanda suka samu takardar shaida kawai, bayan an san asibitin da za a kai su idan abu ya ɓaci. Honduras ta fara da tukunya ta bar horo da magani a baya, ga shi tana biyan diyya. Mu da ba mu kai can ba, dama ce a hannunmu mu fara ta inda ya dace.