RA'AYINMU: Wayar Hannu Ta Shigo Aji

A ranar 12 ga Mayu, 2022, aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bayan an zarge ta da ɓatanci cikin wani saƙon murya da ta tura zauren WhatsApp na ajinsu. Majalisar Sarkin Musulmi da Bishop Matthew Kukah duk sun yi tir da kisan, kuma sai da gwamnati ta kafa dokar hana fita kafin ƙura ta lafa.

Kada mu ce Sakkwato da nisa. Irin wayar nan ce a hannun ɗalibanmu na Kanya Babba da Babura da Kazaure. Abin da yaro ya gani a Facebook da dare, shi yake kai wa aji da safe: wannan ya ce wa wancan arne, wancan ya rama da "ɗan Boko Haram", alhali benci ɗaya suke zama.

'Yan'uwa, mu ma ba mu kuɓuta ba. Sau nawa muke yaɗa bidiyon da ba mu san asalinsa ba a zaurukan ikilisiya, yara suna kallonmu? Manzo Yakubu ya kwatanta harshe da wuta. Yau ɗan yatsa ma yana kunna ta.

Saboda haka muna kira ga malamanmu, na firamare da na makarantar Lahadi, su tsawata wa duk yaron da ya zagi addinin wani, ko da ɗan fasto ne, su kuma koya wa yara tambayar asalin labari kafin su tura shi gaba. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.