Kafin a ce kwamfutar makaranta ta mutu

Duk wanda ya taɓa koyarwa a Korgom ko Tasawa cikin Afirilu da Mayu ya san yadda aji mai rufin kwano yake da azahar. Zafi kan haura digiri 40 ko a inuwa. A irin wannan ɗaki muke ajiye kwamfutar tebur da aka sayo daga Maraɗi ko Kano, ko wadda wata ƙungiya ta kawo kyauta, galibi gwanjo ce da ta gama aikinta a ofisoshin Turai masu sanyi. Ba a jima ba sai ta fara nauyi, fanka na ta kuwwa, ta ɗauke da kanta ana tsakiyar buga sakamakon ɗalibai. Sai a ce ai dama tsohuwa ce, a lulluɓe ta da zane a ofishin darakta.

A ganina da yawa daga cikinsu lafiyarsu lau, zafi ne ya ishe su. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗan guntu ne da bai wuce faɗin kwalin ashana ba, amma irin na ofis kan fitar da zafin da ya kai wat 65. Shi ya sa ake ɗora masa ƙarfen sanyaya, curin alminiyam mai haƙora kamar matsefi, da fanka a kansa. In zafinsa ya doshi digiri 100 sai ya rage gudu, in abin ya ci gaba ya kashe kansa don kada ya ƙone. Ƙurar hunturu kuwa tana toshe haƙoran nan har su koma kamar bargo.

Saboda haka kwamitin COGES da zai fitar da kuɗin iyaye ya sayi sabuwa, ya fara sa a buɗe tsohuwar. Sau da yawa shara da sabon mai sun wadatar. In kuma fankar ta mace ko ƙafar ƙarfen ta karye, to a nan ake asara, don ba kowane ƙarfe ke hawa kowace kwamfuta ba. Mazaunin Intel na LGA 1155 da 1150 da 1151 ramukansu ɗaya ne, amma na tsohon LGA 775 daban ne, na AMD ma daban. Ƙananan akwatunan Dell da HP, waɗanda suka cika kasuwar gwanjo, yawanci da nasu ƙarfen na musamman suke zuwa. Mai tafiya Maraɗi ya tafi da tsohon a hannu, ya auna tsawo kada murfi ya ƙi rufuwa. Masu fitilu kala-kala da masu ruwa a ciki a bar wa ƴan wasan gem, makaranta ba ta buƙatarsu.

Ɗaurawar ba ta fi ƙarfin malami mai natsuwa ba. A cire waya daga wuta, a goge busasshen man da ƙyalle da alkol na kantin magani. Man nan mai launin toka shi ke cike ƴan ramukan da ido ba ya gani tsakanin furosesa da ƙarfe, kuma ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake ya isa. Akwai masu gyara da ke shafa man goge haƙori a madadinsa, kwana kaɗan ya bushe, ku ƙi yarda. A ɓare ledar da ke ƙasan sabon ƙarfe, a ɗaure kusoshi huɗun kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai wadda ke fuskantarta, sannan a soke wayar fankar a gurbin da aka rubuta CPU FAN.

Abin da ya rage shi ne a ɗora wa mutum guda alhakin shara, da sunansa a littafin kwamiti. Lokacinta watan Maris, ƙura ta lafa, bazara ba ta kankama ba. Ya fita da akwatin waje, ya danne fankar da yatsa kada ta yi ta juyi, ya hure ta da famfon keke. Ranar da ya mayar da ita kuma a sauke ta daga jikin taga, a matsar da ita daga bango kamar taƙi guda.