Kiɗa Da Makaɗa: Zaɓen Jitar Hawai Ga Mai Koyo

Duk wanda ya taɓa sauraren faifan Sunny Ade mai suna Juju Music, wanda kamfanin Island ya fitar cikin 1982, zai tuna da wani sauti mai zamiya, mai kama da kukan goge, da ke ratsawa tsakanin kalangai da muryoyin 'yan amshi. Wannan aikin Demola Adepoju ne. Abin da ya ke kaɗawa kuwa babbar ya ce ga jitar Hawai, watau wadda a ke kwantarwa bisa cinya, a riƙa zame guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta. Ta Adepoju tana da ƙafafu da fedoji, ga tsada, ga wuyar sarrafawa. Ta cinya ita ce ƙofar shiga, kuma ita ce saurayi mai ƙaramin albashi zai iya kai hannu gare ta.

Asalinta tsibiran Hawai ne, can cikin tekun Fasifik, inda wani yaro mai suna Joseph Kekuku ya tsiro da wannan salon kiɗa wajen 1889. Daga nan ta shiga Amurka, har ya zamana jitar lantarki ta fari da ta shiga kasuwa sosai, wadda kamfanin su Rickenbacker ya soma sayarwa cikin 1932, irin ta cinya ce. Saboda siffarta a ka yi mata laƙabi da kaskon suya.

To, abin da ya kamata mai koyo ya fara fahimta shi ne, a nan araha ba ta cika hana cin ribar kaya ba. Jita ta yau da kullum in ta yi araha, sau da yawa wuyanta ya kan tanƙware, ƙarafan da a ka gitta a kansa su ƙi daidaita, yatsun mai koyo su yi kanta a banza. Ita kuwa ta cinya ba a danna tsirkiyarta ga wuya sam. Falle ne na katako mai kauri, da tsirkiya shida, da maganaɗisun ɗaukar sauti. Layukan da ke bisa wuyanta zane ne kawai don ido. Saboda haka wuraren da mai ƙera ta zai yi ha'inci ba su da yawa, kuma hunturun da ke tsaga jita mai rami a ciki bai cika yi wa wannan lahani ba. Kamfanoni irin su Rogue da SX suna yin masu sauƙin kuɗi, na Gretsch da Epiphone sun ɗara su tsada da kyan gani, amma mai koyo ba zai ji bambancin da ya kai bambancin kuɗin ba cikin shekararsa ta farko.

Duk da haka akwai abin dubawa, musamman ga mai sayen ta-hannu. Ya sami awo ya auna tsirkiya daga inda ta tashi zuwa inda ta ƙare, sa'an nan ya duba ko layi na 12 ya faɗa daidai tsakiya. In ya kauce, to, dukan layukan ƙarya su ke yi, kuma za su koya wa hannu kuskuren da zai daɗe bai bari ba. Ya ɗora guntun ƙarfen a kwance bisa tsirkiyoyin, ya ga ko duk shida sun taɓa shi. In ɗaya ta yi ƙasa, za ta riƙa ƙuza kamar ƙuda cikin kwalba. Ya murɗa kunnuwan ɗaure tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, domin su ne a kan fi yi wa aikin ganin ido, kuma kunnen da ke saki ba ya riƙe sauti. Daga nan ya sa a jona ta ga amfilifaya, ya murɗa maɓallan ƙara, ya ji ko suna ƙarce-ƙarce.

Maganar tsawo kuma, akwai mai inci 22 da rabi, akwai mai kaiwa inci 24 ko 25. Doguwar ta fi jan sauti, gajerar ta fi sauƙi in za a karkata ƙarfen don haɗa sautuka biyu. Gajerar ta wadatar. Haka nan mai tsirkiya takwas ta jira zuwa gaba.

Inda a ke yawan yin asara shi ne a zuba kuɗi duka ga jitar, a manta da 'yan rakiyarta. Guntun ƙarfen nan shi ne muryar kiɗan, ya kamata ya zama mai nauyi, mai sulɓi, marar ko ɗigon tsatsa. Mai tsagi a gefe ya fi daɗin riƙo ga baƙon hannu. Ana bukatar farcen roba na babban yatsa da na ƙarfe guda biyu. Ana kuma bukatar tsirkiyoyin da kaurinsu ya dace da ɗaurin da a ka zaɓa. Ɗaurin da a ke kira C6 shi ne na Hawai da littattafan koyo da yawa su ka bi, kuma tsirkiyoyin jita ta yau da kullum ba su dace da shi ba. Ita jitar ba ta cin wuta, amma amfilifaya tana ci, kuma wadda a ka yi domin Amurka ta bolt 120 ce, alhali wutar Nijeriya ta bolt 230 ce. Wanda ya jona ta kai tsaye ba tare da taransifoma ba, ya ƙona kuɗinsa nan take.

Wanda ko wannan bai samu ba, akwai dabara. Ana sayar da wani ɗan ƙarfe da a ke ɗorawa a saman wuyan jita ta yau da kullum, ya ɗaga tsirkiyoyin sama, sai ta koma ta cinya. Tsohuwar jitar da wuyanta ya tanƙware har a ka jingine ta a lungu ma ta isa wannan aiki, kuma ba ruwanta da wutar lantarki. Da ita mutum zai gwada kunnensa wata biyu ko uku, domin kamar goge da kukuma, babu abin da zai tsai da sauti daidai sai ji. In ya ga hannunsa ya fara sauka inda kunne ke so, sa'an nan ya nemi ta lantarki.